Hoton Da Tsaya-Haka Ya Goge

"Ka nuna masa mana! Me kake jira, sai sun kai shi kotu?"

Yaya ce ke wannan faɗa, ta dafa kantar ofishin 'yan sanda da hannu biyu kamar da kuɗinta aka gina. Ƙanenta na gefe yana kokawa da zif ɗin jakar kyamara, gumi na bin gadon bayansa. Tsaya-Haka ake ce masa a gida, kuma Yayar ce ta raɗa masa sunan, don tun da ya sayi baƙar kyamarar nan mai ƙaton ido ba ka isa ka kai loma baki a gabansa ba sai ya ce maka, "Tsaya haka!" Hoto ba sana'arsa ba ce. A kantin magani yake aiki, wannan sha'awa ce kawai, amma irin sha'awar da ke cin mutum har ƙashi.

Can bayan kanta, cikin ɗakin da aka tare da ƙarafa, autansu na zaune a ƙasa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, riga a yage har cibiya. Auta direban bas ne. Da safen nan ya rage wa Tsaya-Haka hanya zuwa mahaɗar titin bakin kasuwa, inda Tsaya-Haka ke son ɗaukar hoton wani tsoho mai gyaran takalma da ya daɗe yana lallaɓa. Auta ya sauke shi, ya yi lodi, yana tayar da mota ke nan sai wata farar mota ta shararo ta gefensa, ta kwashi wani ɗan dako ta watsa shi gaban bas ɗin, ta ƙara wuta. Auta ya taka birki, ya sauko don ya ɗaga mutumin. Jama'a suka waiwayo suka ga mutum kwance cikin jini a gaban bas, ga direba sunkuye a kansa. Ai kuwa ba wanda ya tsaya tambaya, suka rufe shi da duka. Da 'yan sanda suka zo suna tura shi mota, Tsaya-Haka ne ya riƙa ihu, "Ba shi ba ne! Farar mota ce! Tana cikin kyamarata!" Ɗan dakon yana asibiti bai san inda kansa yake ba, kuma Sajan ya riga ya faɗa musu ƙarara: in ba a kawo lambar wata mota ba, gobe da safe Auta na gaban alƙali.

Sajan ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ranka ya daɗe, bari in riƙe maka," in ji Tsaya-Haka. "Ba a taɓa gilashin."

Sai a nan Sajan ya ɗago. Ya dube shi daga sama har ƙasa, kallon da ake yi wa ƙuda a cikin miya. "Kai ɗan jarida ne?"

"A'a."

"To wa ya aike ka ɗaukar bayin Allah a titi? Irinku ne ke watsa mu a waya. Kawo nan in gani, kafin in sa ka bi ɗan'uwanka ciki."

Tsaya-Haka ya kunna, ya danna baya da sauri har ya iso wurin da yake so, sannan ya juya masa allon. Wallahi hoton ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai ce bai yi ba. Ga tsohon nan da allura tsakanin leɓɓansa, kowace furfura ta gemunsa a tsaye ita kaɗai, har zaren da ya sarƙe a yatsansa kana iya ƙirga murɗinsa.

"Wannan tsohon ne ya buge shi?" in ji Sajan.

"A'a, ranka ya daɗe, motar tana baya. Ga ta nan."

"Ina?"

"Nan. Wannan farin."

Sajan ya kanne ido ɗaya, ya kira wani kurtu ya zo ya taya shi gani. Kurtun ya leƙa ya tuntsire da dariya. "Wannan ai madara ce aka zubar, yallaɓai."

"Ai da gangan ake yin sa haka," in ji Tsaya-Haka, shi kansa yana jin wautar abin da yake faɗa amma bakin ya ƙi tsayawa. "Ana buɗe idon kyamarar ne sosai, sai bayan hoto ya narke, mutumin ya fito shi kaɗai. Shi ya bambanta ta da hoton waya."

"Madalla," in ji Sajan, ya tura masa kyamarar da bayan hannu. "Gobe sai ka yi wa alƙali wannan darasin. Ku ba ni wuri."

Yaya ta wuce gaba, ya bi ta har suka fito bakin ƙofa. Nan ta juyo, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta gyara ɗaurin ɗankwali to magana ta ƙare. Ita ta riƙe su biyun tun rasuwar mahaifiyarsu, da ɗinki ta ciyar da su, Auta kuwa a bayanta ya yi wayo.

"Allah wadaran naka ya lalace!" ta ce. "Ka tara mana jama'a, ka cika baki, ashe madara ka ɗauko. Tun ranar da ka shigo da wannan baƙar annoba na ce ba alheri a cikinta. Ran da 'yata ta gama makaranta ka shanya mu a rana kamar barkono, ƙarshe ka ce haske bai yi ba ka goge. Yarinyar nan har yau ba ta da hoton ranar. Na yi shiru. Yau kuma ɗan'uwanka zai kwana a bayan kanta, kai kana yi wa ɗan sanda bayanin narkewa!"

Masu wucewa suka fara rage tafiya. Tsaya-Haka ya ji haushi ya turnuƙe shi, haushinta, haushin Sajan, da haushin kyamarar da ke rataye a wuyansa tana masa nauyi. Ya so ya rama, ya ce mata ita me ta sani ban da almakashi. Amma akwai abin da ke cin sa tun safe, kuma ya san in bai faɗa yanzu ba, ba shi da sauran rana.

"Akwai wani hoton," ya ce. "Motar ta fito tar a ciki. Har lambar."

"To yana ina?"

"Na goge."

Ta tsaya tana kallonsa, baki buɗe.

Yadda abin yake, akwai wata ƙungiya tasu ta masu sha'awar hoto a waya, inda in ka saka hoto mai ɗan gigi, wanda bai fito tar ba, sai an yi kwana uku ana yi maka tsiya. A nan ya koyi ɗabi'ar: ka ɗauka, ka duba, in bai yi ba ka goge nan take, kada ka kai shara gida. Ya yi ta yi har babban yatsansa ya daina neman izininsa. Da ƙarar birki ta tashi, tsohon ya zabura ya kauce, kyamarar ta sake shi ta kama titi. Tsaya-Haka ya duba allo ya ga rabin kunnen tsoho a dishe, ga wata mota tar a tsakiya ta ɓata masa tsari. Kafin kunnensa ya gane ihun da ake yi, yatsan ya gama aikinsa.

Ya zaci za ta mare shi. Maimakon haka sai ta damƙi igiyar kyamarar ta ja shi kamar akuya. "Akwai mai gyaran kwamfuta a layin masu waya, shi ya dawo wa maƙwabciyata da hotunan jikokinta. Wuce mu je. In ka buɗe mini baki a hanya, wallahi sai na fasa ta a kanka."

Shagon mai gyaran ɗan ƙurƙut ne, ya cika da gawarwakin kwamfutoci da warin dalma. Mutumin na cin abinci a cikin leda, kuma bai ji daɗin ganinsu ba. Ya saurari Yaya yana tauna, ya lashe yatsa, ya miƙa hannu. Tsaya-Haka ya zaro katin ajiyar hotuna daga kyamarar ya ba shi.

"Ku masu manyan kyamarori kun fi kowa damun mutane," in ji mai gyaran yana soka katin. "Abin da aka goge ba ya tafiya nan da nan, yana nan kwance. Sai dai in an ɗora masa wani a kai, to wannan sai haƙuri. Kati ma ga shi a cike maƙil. Ka ɗauki wasu bayan ka goge?"

Tsaya-Haka ya yi kamar bai ji ba.

"Da kai ake!" in ji Yaya.

"Kaɗan," ya ce.

"Kaɗan ɗin me? Me ya rage a wurin da za ka ɗauka?"

 Ya ƙura wa wani koren layi ido yana rarrafe a kan allon kwamfutar, yana roƙon Allah a ransa kamar yadda bai taɓa roƙo ba. Tsoro ne fal cikinsa, kuma ba na lambar mota kaɗai ba.

Layin ya cika. Mai gyaran ya danna, hoto ya fara buɗewa daga sama: wayoyin lantarki, allon wani shago, rufin farar mota, gilashinta na baya. Yaya ta matso har numfashinta na taɓa allon. Daga nan zuwa ƙasa kuwa sai toka, fili guda shafe, babu fitila, babu taya, babu lamba.

"Shi ke nan," in ji mai gyaran, ya koma ga ledarsa. "An hau kansa. Ga ma waɗanda suka hau ɗin."

"Bari!" in ji Tsaya-Haka, amma mai gyaran ya riga ya danna.

Auta ne. Ga shi an riƙe masa wuyan riga. Ga shi wani ya ɗaga katako. Ga shi ya durƙusa ya kare kansa da hannu. Mai gyaran ya daina tauna, yana danna na gaba, yana danna na gaba, hotunan sun ƙi ƙarewa. Babu gigi a ko ɗaya. Mai ɗaukar ma ya riƙa canza wuri, nan daga tsaye, nan ya ɗan rusuna don ya sami haske. A na ƙarshe Auta na kwance a kan kwalta, jama'ar da ke kewaye da shi duk sun narke sun zama inuwa, shi kaɗai ya fito, jini a leɓe, hannu a miƙe, idonsa cikin idon kyamara, bakinsa buɗe yana kiran wanda ke riƙe da ita.

Tsaya-Haka ya jira ashar, ya jira mari, da ma su ya fi so. Yaya dai ta tsaya tana kallon allon, hannunta a kan ƙirji.

"Don hujja ne, Yaya," ya ce. "Na ga sun yi mini yawa, na ce ko fuskokinsu..."

"Wace fuska?" ta ce a hankali. "Ka ga fuskar wani a nan ban da tasa?"

Ta nuna allon da yatsa.

"Wannan kam ya fito," ta ce. "Shi ya sa ba ka goge ba."

Ta gyara mayafinta, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Zan kai masa abinci, daga nan in nemi lauya. Kada ka biyo ni. Kada kuma ka zo kotu gobe, ba na son ya ɗaga kai ya gan ka."

Ta fita. Hayaniyar layin ta shigo ta cika shagon, wani na gwada lasifika, wasu na rigima a kan caja. Mai gyaran ya goge hannunsa a wando, ya yi tsaki, ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

"Malam, ina da aiki. A goge waɗannan ne, ko yaya?"

Tsaya-Haka ya buɗe baki zai ce a goge. Idonsa ya sake faɗawa kan allon. Kunya ta kama shi, don ko a yanzu, yana tsaye cikin wannan hali, wani sashe na zuciyarsa na lura da yadda haske ya sauka a kuncin Auta. Tun da ya sayi kyamarar bai taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba.

"Bar su tukuna," ya ce.