Mai Labari Ba Ya Amsawa

…kuma wai ba a mayar da magana. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Tana zaune can baya a ɗakin sama na laburare, kan wata kujerar roba mai zame mutum, tana kallon wata ma'aikaciyar asibiti da ta gama karanta labarinta, an sa ta a tsakiya ana ta caccaka. Wannan ya ce farkon ya yi tsawo. Waccan ta ce mijin cikin labarin ba ya magana kamar mutum. Ita kuwa baiwar Allah, shiru. Har da «na gode». Godiyar me?

Doka ce wai. Wanda ya kawo labari ya kama bakinsa har a gama da shi.

Ita fa tsohuwa zuwa ta yi ta ga inda Takwara, jikar tata, ke ɓacewa duk Asabar. Ta zaci… me ma ta zata? Samari. To ga samarin nan, amma kowa hancinsa cikin takarda. Sai ga tsohon malamin da ke riƙe da ƙungiyar marubutan yana cewa gwiwa ta ƙi bene, ya danƙa ragamar ƙungiyar ga sababbi biyu: wani dogo mai tabarau, da — ikon Allah — Takwara. Takwarar da ko zare ba ta iya sa wa allura sai ta fiddo harshe!

Dogon yana faɗin tarukan koyo da ke tafe. Na waƙa. Na yadda ake buɗe labari — buɗewa, sai ka ce kwalba. Sai na labaran tsofaffi, na baka. Nan Takwara ta ɗago ta ce: «Kakata ce za ta fara ba mu.»

Ba shawara, ba komai. Ga kawuna duk sun juyo.

Ita? A tsakiya? Baki a rufe?

Ƙarar keken ɗinkinta na da ta dawo mata… Takwara tana ƙarama ta kawo hannun riga, tana ta washe baki, ita kuma ta sa reza ta warware shi tas. Kar ki yi min baki, dubi inda ya karkace. Kuka, majina, a sake. Ashe can yarinyar ta koyo wannan dokar… a'a. Wannan daban. Babba ke warwarewa, yaro ya yi shiru, haka duniya take. Nan kuwa an kifa abin, ɗan da ko gemu bai tsiro ba yana gyara wa uwar wasu.

Amma dai mijin nan, tsakani da Allah, ba ya magana kamar mutum. Ita ma ta ji. Wane namiji ne zai dawo daga aiki ya tsaya yabon labule? Kuma ma'aikaciyar asibitin ba ta mutu ba da aka faɗa mata. Idonta ma wani haske ya yi. Me ta gani?

In ta ce a'a, yarinya ta sha kunya ranarta ta farko, gaban dogo da tabaransa. In ta ce to… wane labarin? Na 'yan mata uku da mai kwalekwale mana, wanda ta gada wurin innarta. Ta ba 'ya'ya, ta ba jikoki. Kuma kullum — tsaya. Kullum daidai inda ta biyun ke sa ƙafa cikin jirgi barci ke kwashe su. Dukkansu. Har marigayi maigidanta, da yakan jingina a bakin ƙofa yana saurare, daidai nan yake tuna yana da wani aiki a waje. Ta ɗauka daɗin muryarta ne ke sa yaran barci.

Wa ya taɓa jin ƙarshen? Wa ya isa ya ce, Kaka, nan fa…? A gidanta? Da wane bakin?

Waɗannan marasa kunya za su faɗa. Tsaf za su faɗa, ba ko ƙifta ido.

Takwara na tsaye tana jira, ta damƙe bayan kujera da hannu biyu. Ya kamata ta harare ta, a je gida a yi ta ta ƙare. Ya kamata. Sai dai hararar ta ƙi zuwa…

Wai shin me ke damun wurin kwalekwalen nan?