Turaren Tracy

Malam Lawal ya ɗiga turaren farko a bayan hannun Vivian na dama, ya ɗiga na biyu a na hagu.

"Duka banila ne, Mama. Wannan ya fi zaƙi, wancan kuma kamar hodar jarirai. Wanne za a zuba?"

Vivian ta shinshina na dama. Ya yi kama, amma ba shi ba ne. Na hagu ma haka.

Shekaranjiya babbar mota ta buge Keke Napep ɗin da 'yarta Tracy take ciki a hanyar Kachia. Yau da ƙarfe biyu za a ɗauki gawar zuwa Zonkwa. Mai gyaran gawa a asibiti ya ce a kawo riga, hoda, da turaren da yarinyar ta saba shafawa. Vivian ta birkice ɗakinsu na Trikania, ko kwalba ɗaya ba ta gani ba. Kayan sawar Tracy kuwa matan zumunta na coci sun wanke su tas tun jiya, wai don su rage mata aiki. Abin da ta sani kawai shi ne shagon da Tracy take ɗinki yana jikin na mai turare a Barnawa, kuma kullum da ƙamshi take dawowa gida.

"Malam, wanne Tracy take saya? Mai ɗinkin nan ta kusa da kai."

Lawal ya fashe da dariya. "Au, ke ce mamanta? Ai 'yarki ta gagare ni! Shekara guda cur, ba ta taɓa sayen ko ɗaya ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta leƙo: 'Baba Lawal, yau dai zan zaɓa.' Waɗannan biyun dai, in ɗiga mata ɗaya nan, in ɗiga mata ɗaya nan, ta goga hannuwan, ta ce bari ta yi tunani zuwa gobe. Na ce mata haka za ta wahalar da samari. Ina ta shige ne? Kwana biyu ban ga ƙeyarta ba."

"Ta rasu, Malam. Gawarta zan shafa wa."

Murfin kwalbar ya suɓuce daga hannunsa, ya gangara ƙarƙashin kanta. Bai bi shi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tracy? Ranar Talata fa a nan ta tsaya. Nan, inda kike."

Vivian ta dubi ƙafafunta. Sannan a hankali ta haɗa bayan hannuwanta ta goga, ta kai hanci.

Ta zube a kan benci.

"Yesu na! Ita ce. Malam, ita ce."

Mai keken da ya kawo ta ya danna ham a waje. Ta share fuska da gefen zani.

"Haɗa min su a kwalba ɗaya."

Lawal ya ɗauko sirinjin awon turare. Sau biyu yana kuskuren bakin kwalbar.