Gishiri a Madarar Hadaya

Tukunyar kir ɗaya, kwakwa biyu, furanni a leda, da hoton mahaifinta. Su ne Premila ta rungume a bas mai zuwa garin Labasa, gonakin rake na wucewa ta taga.

Yau shekara guda da rasuwarsa, kuma ita ta nace za ta dafa kir ɗin hadaya, shinkafa da madara da sukari. Sai da bas ta tsallake gada ta tuna abin da hannunta ya yi da safe. Ta barbaɗa ɗan gishiri don zaƙi ya fito, yadda aka koya mata a makarantar girki a Auckland. A gidansu madara ba ta haɗuwa da gishiri, balle wadda za a ajiye gaban abin bautarsu Vishnu.

Da ta isa gida, Gwaggo Dhanraji ta tare ta a bakin kicin, ta ɗaga murfin tukunyar.

"Malamar girki, ina fatan dai ba ki ɗanɗana ba?"

"Ban ɗanɗana ba, Gwaggo."

"To kai ciki, mai addu'a ya zauna."

Ba wanda zai gane an sa gishiri. Premila ta yi taku uku, ta hango wurin da aka share wa hoton, ta tsaya.

"Gwaggo, akwai gishiri a ciki."

Tsohuwar ta ce, "Mutum arba'in ke jira. Madarar da ta rage kofi biyu ce."

Premila ta shiga kicin, ta rufe ƙofa.

"Kofi biyun zan dafa. Su jira."