Fuskokin Layin Baya

Da Baba Cornelius mai hoto ya rasu, abin da ya bar wa ɗansa Dominic shi ne shago a Muchia da akwatunan nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, na shekara arba'in. Yawanci hotunan taro ne. A Sabon Gari ba kowa ke zama a ɗauke shi shi kaɗai ba. Mawaƙan coci ne, ko ƙungiyar 'yan gari ɗaya, su jeru layi uku cikin anko a ɗauka sau guda. Baba bai rubuta sunan kowa ba, don ya san kowa.

Dominic ya kwashe su cikin kwamfuta, yana so ya ɗora a intanet, waɗanda suka bar Zariya su nemi nasu. Ibukun, mai shagon haɗa shafukan intanet a Samaru, ta faɗa masa cewa ajiye hoto ba tsada, kallonsa ne tsada. Duk wanda ya buɗe, kamfanin da ya ba ka hayar wuri zai auna nauyin abin da ya fita. Kamfanonin kirki dala suke karɓa, shi kuwa malamin sakandare ne.

Ya samo wani kamfani mai araha da ya rubuta "babu iyaka". Ranar Lahadi aka sanar a coci, kafin yamma adireshin ya zagaye Onitsha da Aba da Ibadan. Ranar Talata aka rufe shafin, wai kallon ya yi yawa.

"To ina babu iyakar?" in ji Dominic.

"Ka gan ta nan, Malam," in ji Ibukun. "Ko ka ƙara kuɗi, ko ka rage nauyi."

Ya rage. Ya matse hotunan har kamfanin ya yarda ya buɗe. 'Yan layin gaba sun tsira da hanci da ido. Na layin baya suka koma kamar ƙwayar gero.

Ana cikin haka Madam Nonye ta kira daga Onitsha. Ta daɗe tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, Hausarta tas. Gobara ta cinye musu gida da hotuna kafin su tashi daga Zariya, mijinta Celestine kuma ya rasu bara. Za a yi masa addu'ar tunawa, ana so a buga fuskarsa a kalanda a raba wa baƙi, kuma babu fuskar. Ta tabbata Baba ya ɗauke shi a taron 'yan garinsu. Dogo ne, kullum a baya ake tsayar da shi.

Dominic bai san Celestine ba. Hotunan ƙungiyar sun fi ƙarfin a tura ta waya, kuma duk bango ɗaya, anko ɗaya. Dole ita ta duba a shafin.

Bayan kwanaki 'yarta ta turo saƙo: Mama ta gane shi, layin baya, na biyu daga hagu. Sai da hutun makaranta ya zo Dominic ya zauna ya buɗe babban hoton na asali don ya tura musu. Fuskar ta fito sarai, har da tabon gira. Ba Celestine ba ne, fuskar Ikenna tela ce yana saurayi, wanda har yanzu yake ɗinki a bayan shagon Baba.

Ya kira Madam Nonye. Ba ta bari ya fara ba. Ta ce an riga an buga kalandar daga wayar 'yarta, an raba. Fuskar ta ɗan yi dishi-dishi, amma ba komai. Jikoki har gardama suke a kan wanda ya ɗauko hancin kakansu.

"Ka gan shi ko, ɗana? Ya fi kowa tsayi."

"Na gani, Mama."

Ya ce akwai babban hoton a wurinsa. Ta ce ba sai ya turo ba, wannan ya ishe ta, ya riga ya yi ƙoƙari. Ta sa masa albarka, ta ce ya gaida mutanen Muchia, waɗanda suka rage.

Ya ce za su ji.