Ɗakin da Na Rushe a Cikin Kwamfuta

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari, kuma na san abin da ya jawo shi. Kwamfutar gidanmu ce ba lafiya: in ka kunna ta sai ta yi nishi, fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu. Da na kai wa Sabi'u mai gyara, ya ce ai da sauƙi, kamfani kan ɓoye wani ɗan ɗaki a cikin kwamfuta, wanda ke mayar da ita yadda ta fito sabuwa fil. Ya leƙa, ya ce babu ɗakin, wani ya rushe shi. Na kama baki na ce mutane ba sa tsoron Allah.

Ni na rushe shi, shekara uku ke nan. Na ga ɗaki a kulle ba kowa ciki, ga ni da kaya ba wurin sawa. Wane maigida ne zai zuba ido? Kayan kuwa muryar Inna ce, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta: kaset goma sha ɗaya da ta riƙa aiko mini a madadin wasiƙa lokacin ina aiki a Fatakwal. Na juye su a kwamfuta, daga baya gara ta cinye kaset ɗin. In kwamfutar ta tafi, da Inna za ta tafi. Matata Hansatu dai na ce mata wutar lantarki ce ta rushe ɗakin.

To, a garin mafarkin rana tsaka ce, kuma sana'ar kowa ita ce mayar da abu yadda ya fito. Tela na karɓar riga ya warware ta ya ba ka yadi. Wata mata ta kawo tuwo, aka miƙa mata dawa a zangarniya, ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa ina goye da kwamfutar da zanen Hansatu, tana ta tari a bayana. Ban ji kunya ba, don wanda ke gefena firji ya goyo.

Sai ga ni a ofis. Ƙadangare ne akawu, da biro saƙale a inda kunne ya kamata ya kasance. Na tambaye shi ko za a samo mini ɗakin, ya gyaɗa kai. Na ce ko dai ba za a samu ba, ya gyaɗa kai. Na yi shekara talatin a aikin gwamnati, na san irin wannan amsar, don haka na nemi benci na zauna.

Aka kira wani tsoho da ke gabana. Ya shiga da sanda, aka fito da shi jariri, hularsa ta rufe masa fuska. 'Ya'yansa suka yi cirko-cirko, babban ya durƙusa yana tambayar jaririn ko ya gane shi. Jaririn ya kama tsotsar hular. Nan na fara jin abin bai kwanta mini ba.

Ban ga lokacin da na shiga cikin kwamfutar ba, sai dai na gan ni a zaurenta ina cire takalmi. Sabi'u na gaba da hular kwano irin ta magina. Muka wuce hotunan bikin 'yarmu, har yanzu mutane na cin shinkafa, wani ma ya nemi ƙari. Muka sunkuya ta ƙarƙashin takardun Hansatu da ke shanye a igiya. A ƙarshen gidan Sabi'u ya tsaya, ya auna ƙasa da taku, ya ce za a iya sake ginin, kamfani ya turo bulo. Sai dai dole mai zama a wurin ta tashi, kuma wanda aka tasa a nan ba ya dawowa.

Inna ce zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. A bayanta ga zakaran nan da ke katse ta a kaset na huɗu. Ta ɗago ta dube ni, ta faɗi abin da take fara kowane kaset da shi.

"Shin abin nan ya fara ɗauka?"

"Ya fara, Inna."

"To, Tanimu, kana cin abinci kuwa? Na ga ka rame."

Na dubi tumbina, ban yi musu ba. Ta tambayi ɗakin wa na saka ta. Na ce na kamfani. Ta ce na nemi izininsu? Na ce a'a. Ta ce halina ke nan tun ina yaro, in na ga ƙofa a rufe sai na san abin da ke bayanta. Daga nan ta zuba gyaɗar a gefen zane, ta fara naɗe tabarma, wai ita ba ta zama inda ake jira ta tashi.

Na taɓa raka ta sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Na danne bakin tabarmar da gwiwa, na ce wa Sabi'u ya mayar wa kamfani bulonsa, ni na rushe ɗakin, ba wutar lantarki ba, kuma kwamfuta ta yi ta tari har abada. Ƙadangare ya leƙo ta taga ya gyaɗa kai.

Inna ta ja tabarmarta ta ce, "Wautar ba rushe ɗaki ba ce. Da ina raye, wata biyu nake yi a gidanka, wata biyu gidan yayarka Ladi, wata biyu gidan Auta. Yaushe ka taɓa ganin uwa ta zauna gida ɗaya? Kai kaɗai na haifa?"

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai zakaran ya miƙe wuya zai yi cara, amma ƙarar injin markaɗe ce ta fito.

Injin maƙwabta ne, gari ya waye. Hansatu na tsaye da kofin koko. Tun ban sauko daga gado ba na gaya mata gaskiya duka. Ta ajiye kofin, ta ce ta daɗe da sani, wutar lantarki ba ta rushe ɗaki.

"Inna kuwa tun bara take cikin wayata, Malam. Tana gidan Yaya Ladi, tana gidan Auta. Kai kaɗai ne ka ɗauka a wurinka take zaune."

Ta latsa wayar ta ajiye mini kan filo. Can cikin wayar zakara ya yi cara daga nesa.

"Shin abin nan ya fara ɗauka?"

Na ce, "Ya fara, Inna."