Jinkirin da Injiniya Ta Ƙera

Tun ranar da Injiniya ta fara aiki a kamfanin take jin haushin manhajarsu. Aikin manhajar ba wani mai wuya ba ne: mara lafiya ya buɗe wayarsa, ya zaɓi asibiti, ya nemi ranar ganin likita, babbar kwamfutar kamfanin ta tambayi kwamfutar asibitin ko akwai gurbi, ta dawo masa da amsa. Matsalar ita ce yadda take tambayar. In ta buɗe layi ta aika wa asibiti tambaya, sai ta naɗe hannu ta zauna jiran amsa, ba za ta kula kowa ba sai amsar ta iso. Duk wanda ya zo bayan nan sai ya bi sahu. Ranar Litinin da safe kuwa, lokacin da kowa ke tunawa yana da ciwo, ɗan zoben nan na fuskar waya sai ya yi ta juyawa har mutum ya gama shan shayinsa.

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nata, shi ya rubuta manhajar tun kafin ta zo, kuma ko a jikinsa.

"Tana aiki ko ba ta aiki?" yakan ce.

"Tana aiki kamar yadda mai barci ke numfashi," in ji Injiniya.

Ta samu Manaja a ofishinsa mai sanyi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Za ta sake gina sashen da ke magana da asibitoci, ta yadda in manhajar ta aika tambaya ba za ta tsaya ba, za ta juya ga mutum na gaba. Duk layin da amsarsa ta iso, sai ta waiwaya ta karanta, ta miƙa wa mai ita. Manaja bai fahimci rabin zancen ba, amma ya ji kalmar sauri, ya ce ta je ta yi.

Aikin ya ci mata watanni. Amsar asibiti ba ta zuwa a dunƙule, sai dai gutsure-gutsure, rabi yanzu, rabi an jima, dole ta tanadi inda za a tara su har su cika. Wani layin yakan yanke ana tsakiyar magana. Wani asibitin kwamfutarsa ba ta iya karɓar saƙo da yawa a tare, dole a riƙa ba ta a hankali kamar mai ciwon haƙori. Akwai ranar da, a wajen gwaji, amsar mai ciwon ido ta tafi wurin mai juna biyu, Injiniya ta riƙe kai, Dogo ya yi dariya har da buga tebur. A gida maigidanta, wanda malamin makaranta ne, ya saba da yi mata tambaya ta amsa bayan ya manta ya yi.

"Ke ma haka aka gina ki?" ya tambaye ta wata rana yana gugar rigarsa.

Ranar da aka saki sabuwar manhajar, Litinin ce. Injiniya ta zuba wa allon kwamfutarta ido tana kallon jama'a na tururuwa, babu wanda ya jira. Kafin yatsa ya bar fuskar waya amsa ta fito. Zoben ma bai samu damar nuna kansa ba. Ta saya wa kowa lemo a ofis, har da Dogo.

Ba a yi mako ba matar da ke amsa wayar kamfani ta fara shigowa da fuska a murtuke. Mutane na ta kira, wai manhajar ta lalace. Injiniya ta duba komai, ba ta ga inda ya lalace ba. Ta ce rashin sabo ne, zai wuce.

Ranar Asabar Gwaggonta ta zo gidan, tana dogara sanda saboda gwiwa. Ko gama gaisawa ba su yi ba ta zaro waya daga jaka.

"Ke 'yar nan, an ce ke kika taɓa abin nan na asibiti?"

"Ni ce, Gwaggo," ta ce, tana murmushin mai jiran yabo.

"To kin ɓata shi. Da can in na tambaya yakan tsaya ya duba mini tsaf. Yanzu ban rufe baki ba ya ce babu gurbi. Yaushe ya duba?"

"Wallahi ya duba, Gwaggo. Sauri ne kawai ya ƙaru."

"Sauri! Ni za ki gaya wa? Na san irinsu, masu ce maka babu ba tare da sun ɗaga kai sun dube ka ba. Na sake dannawa, ya sake cewa babu, ko kunya. Da na canza asibiti kuma ya ce akwai, nan take. Na ce wannan dai so yake ya rabu da ni. Sai da na ɗauki tasi na je da ƙafata na tabbatar."

"Kin samu sunanki?"

"Na samu. Amma wa ya sani ko sa'a ce?"

Maigidan ya tashi ya shige kicin, yana danne dariya.

Ranar Litinin Manaja ya kira taro. Asibitoci sun koka, ya ce: duk wanda manhajar ta ba gurbi sai ya kira su ya tabbatar, wanda ta hana kuma sai ya kira ya yi faɗa. Dogo ya gyara zama ya ce tsohuwar manhajar tana nan, bai goge ta ba.

"Ranka ya daɗe, in aka mayar da waccan, ni na gama aiki a nan," in ji Injiniya.

"A'a, wa ya ce a mayar? Taki za ta zauna," Manaja ya ce cikin lallashi. "Kawai ki koya mata ladabi. In amsa ta zo, ta ɗan riƙe ta. A ga zoben nan yana juyawa, a san ana yi wa mutum aiki."

"In sa ta jira da gangan?"

"Ba za ki iya ba ne?"

Abin takaicin, ta iya. Ta koma teburinta ta ƙara layi ɗaya a rubutun manhajar: in amsa ta iso, a saita ɗan agogo, a wuce ga mutum na gaba, in agogon ya buga a saki amsar. Da tsohuwar manhajar ce, wannan jinkirin da ya durƙusar da kamfanin gaba ɗaya. Sabuwar kuwa tana iya jinkirta wa dubban mutane a lokaci guda, kowa da nasa jiran, ba tare da ta yi gumi ba. Kafin shayinta ya huce ta gama. Manaja ya leƙo ya ƙara shawara biyu: a rubuta "Muna duba maka a tsanake" a ƙarƙashin zoben, kuma "babu" ya fi "akwai" daɗewa, don a nuna an yi ƙoƙari.

Wayar kamfani ta yi tsit. Yabo ya fara shigowa: manhaja mai natsuwa, manhaja mai mutunta mutane. Gwaggo ta kira da kanta ta sa albarka, ta ce ai ta san in an gaya wa 'yar nan gaskiya tana ji.

A taron ƙarshen shekara aka kira Injiniya gaban jama'a aka ba ta lambar yabo, saboda abin da Manaja ya kira gyaran da ya ceto kamfanin. Ta karɓi makirufo ta ce a gaskiya layi ɗaya ne kawai, kuma ba ya yin komai, ainihin aikin yana ƙarƙashinsa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Manaja ya ce kun ga tawali'u ke nan.

Bayan 'yan watanni wani babban kamfani ya aiko yana nemanta. Ta yi kwanaki tana shiri. Ta zana yadda layuka ke shiga da fita, yadda ake haɗa gutsattsarin amsa, abin da ake yi in layi ya yanke. Ta sa mayafinta mafi kyau, ta hau bene mai gilashi, aka zaunar da ita gaban mutum uku a dogon tebur. Ta buɗe kwamfutarta ta fara bayani. Babbarsu, wata mata mai tabarau, ta saurare ta na ɗan lokaci, sannan ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Wannan duk muna da masu yi mana, Injiniya. Tamu manhajar ma sauri ne ya yi mata yawa, jama'a ba su yarda da ita ba. Mun gwada sa mata jira, amma namu bai yi daɗin naku ba. Wasu sun ce ya yi gajarta, wasu sun ce raini ne. Muna son ki riƙe mana wannan sashen."

"Akwai sashe?"

"Za a buɗe. Da ofishinki, da mutanenki."

Injiniya ta dubi zanen da ke kan allonta, ta rufe kwamfutar a hankali. Ta tambaya ko ofishin yana da taga. Suka ce har biyu. Ta ce to sai su fara da gaya mata irin mutanen da ke amfani da manhajar tasu, domin jiran da ke gamsar da tsoho ba shi ke gamsar da ɗalibi ba. Mai tabarau ta jawo biro ta fara rubutawa.