Kofin Baba da Lambobin Yaya Ikilima

Tun da ciwon suga ya zaunar da Baba a gida, ni nake zama a rumfarsa ta saiwoyi da sassaƙe a Gwallaga. Boko ban wuce firamare ba, amma ganye kam ko ido rufe na san shi da hanci. Shi ya sa da yayata Ikilima ta ce tana son garin shuwaka don binciken digirinta na biyu, ni na je Zungur na tsinko, na shanya a inuwa, na daka, na kai mata har ɗakin gwaje-gwajensu a jami'a.

Aikin nata shi ne ta gano hanyar da ta fi tatso maganin da ke cikin ganyen da maikirowef, irin na ɗumama abinci. Abu uku take juyawa: ƙarfin wuta, yawan mintuna, da yawan ruwan da za a zuba wa garin. Na ce ai sai ta shekara tana gwadawa.

"Sau goma sha bakwai kawai," in ji ta. "Kwamfuta ta tsara min su, lissafi zai cike sauran."

Biyar daga ciki iri ɗaya ne sak. Na tambaya ko mantuwa aka yi. Ƙawarta Eunice ta kwashe da dariya.

"Malam Ɗanlarai, kai in mai awo ya auna maka sau ɗaya, sai ka yarda?"

"In na san shi, ina yarda."

"To mu ba mu san shi ba."

Bayan sati uku Inna ta aike ni in kai wa Yaya dambu. Na tarar da su gaban kwamfuta suna kallon hoton wani tudu, gindinsa shuɗi, kansa ja. Yaya ta ɗora ɗan yatsa a kan jan.

"Nan ne. Wuta matsakaiciya, minti huɗu, ruwa kaɗan. Abin da ke fita a nan ya ninka na tukunya sau uku."

Ta rubuta lambobin a allo, na ɗauka da wayata. Ba ta hana ni ba. Ta zaci sha'awa ce kawai.

Mu a gidanmu ba a tambayar ƙarfin magani, kofi ake tambaya. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Haka kakanmu ya koya wa Baba, haka nake gaya wa duk wanda ya saya a rumfa. Baba ma da kofinsa na silba yake shan shuwakarsa, bayan ƙwayar asibiti. Sai na ce a raina, in kofi ɗaya na tukunya yana ɗan taimaka masa, kofi ɗaya na lissafi zai tashe shi tsaye. Ni dai so nake in sake ganinsa a kan buzunsa a rumfa.

Mansir mai gyaran talabijin a layinmu yana da wani maikirowef da mai shi bai dawo ya karɓa ba. Na kai kwanon tangaran, na zuba gari da ruwa kaɗan, na ƙara gari cokali biyu don kada in yi wa Baba rowa. Minti huɗu cif. Abin da ya fito ba kore ba ne irin wanda na sani. Ya yi duhu, ya yi kauri, warinsa ya kori Mansir waje.

"Kai, Ɗanlarai, wa ka yi faɗa da shi?"

Na kai wa Baba, ya kurɓa, ya dube ni.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ilimin Yaya Ikilima ne, Baba."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga kofin ya shanye tas.

Rana ta farko lafiya lau. Rana ta biyu, ana yayyafi gari ya yi sanyi, amma taguwarsa ta jiƙe da gumi kafin azahar. Inna ta ce ciwon ne yake fita. Rana ta uku ya tsaya a tsakiyar alwala yana kallon buta, kamar bai san abin da ake yi da ita ba. Na gani. Na ce gajiya ce.

Ranar Alhamis ya tashi da azumin nafila kamar yadda ya saba. Da sahur ya haɗiyi ƙwayarsa, ya bi ta da kofi guda cike, ya ɗan taɓa kunu. Wajen ƙarfe biyu na dawo ɗaukar abinci, na same shi a zaure jingine da bango. Carbi na hannunsa. Na yi sallama, ya amsa, amma maganar ta fito a jagule kamar harshen ya yi masa nauyi. Goshinsa sanyi ƙalau.

Na kira Yaya, na gaya mata komai, har da maikirowef ɗin Mansir.

"Ɗigo nawa kake ba shi?"

"Ɗigo kuma? Kofinsa dai."

Nan take muryarta ta canza.

"Ɗanlarai, ko ɓeran gwaji ba mu ba wa ba tukuna. Yana shan ƙwayarsa?"

"Yana sha. Yau ma azumi yake."

"Innalillahi. Sugansa ne ya faɗi. Ka ba shi zuma ko suga yanzu yanzu, ka nemo keke mai ƙafa uku. Ga ni nan tafe daga Gwallameji."

Inna ta fito da kwalbar zuma, hijabinta a baibai. Baba ya kau da kai, ya datse haƙora.

"Ina... azumi."

"Malam, don Allah," in ji Inna. "Na nafila ne, ka rama."

"Saura... kaɗan."

Tun da nake ban taɓa taɓa fuskar Baba ba. Na durƙusa, na ce ya gafarce ni, na lakaci zuma da yatsa na shafa masa a dasashi. Ya ture hannuna, amma turewar ba ƙarfi. Na sake shafawa. Kafin Mansir da na ƙwala wa kira ya tsayar da keke, idanun Baba sun lumshe.

A asibiti wata nas ta soki yatsansa, ta duba ɗan injin da ke hannunta, ta juya da gudu. Aka ɗaura masa ruwa. Yaya ta iso tana haki, ko kallona ba ta yi ba, ta riƙe ƙafarsa.

Ana kiran la'asar ya buɗe ido. Ya dubi Inna, ya dubi Yaya, ya motsa baki kamar zai yi murmushi. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana duba.

"Hamsatu," ya ce wa Inna a hankali, "wannan yaron na waye?"

Likita ya ce mu jira zuwa gobe mu gani.